Ranar da Na Sa Ƙanƙara Gudu

Assalamu alaikum 'yan matan unguwa, musamman ku ukun nan da kuka zo mini jiya kuna cewa in koya muku sana'ar ƙanƙara kafin azumi, wai ai ba wani abu ba ne, ruwa ne a leda a jefa a firiza a koma a kwanta. Ban ji haushi ba. Ni ma da bakina na taɓa faɗar haka. Zan koya muku in sha Allahu, amma ku fara karanta wannan, don ku san irin malamar da kuka zaɓa. Ni ce matar da bayan shekara ashirin a sana'ar nan na kusa raba 'yar yayata da aikinta saboda ƙanƙara.

Leda ɗari na fara ƙullawa a gidan Hajiya Ige da ke Sabon Garin Gusau, wadda ta koya mini. Na cika kowace har baki, don a ga ba ni da rowa. Washegari ta buɗe firiza ta kira ni. Duk sun fashe, sun haɗe sun zama dutse guda, ya kama bangon firizar. Ruwa idan zai daskare kumbura yake yi, an koya mana wannan a sakandare, har na ci shi a jarrabawa, amma ban taɓa zaton da ni ake ba. Ta miƙo mini muciya ta ce in ɓamɓare. Na ce a ba ni wuƙa mana.

"Wuƙa a firizata? Ki huda bututun iskar gas ki tahi gidanku ki bar ni da akwatin banza?"

Yini guda na yi da muciyar nan. Tun daga ranar, yatsa uku nake bar wa ruwa a saman leda.

Kayan aikin ba su da yawa, kowanne dai da halinsa. Firiza ba ta son a cika mata ciki lokaci guda, kuma ba ta son leƙe. Ledar da aka jera manne da 'yar'uwarta waje ne yake daskarewa, tsakiya ruwa, ka girgiza ka ji ƙulun-ƙulun. Irin wannan ba ta kai awa biyu a hannun mai saye. Tawa sai ta kwana biyu kafin in fitar, ta yi fari, ta kama yatsa idan an taɓa. Sai kuma ƙaiƙayi. Wanda bai sani ba gani yake shara ce, amma duk ƙanƙarar da za ta bar gari, a buhu ake jera ta, shimfiɗar ƙaiƙayi busasshe, jerin leda, wata shimfiɗar, a matse a ɗaure baki. Abin da ke kashe ƙanƙara iska ce, ta fi rana mugunta. Ku riƙe wannan, tunda ni da na faɗa muku sakinsa na yi.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Mahauta da masu kifi suna son manya. Matan Fulani da ke kawo nono daga wajen Bungudu ƙanana suke so, kuma sai sun ƙwanƙwasa kowace a kunne kamar masu zaɓen kankana. Masu zoɓo ba sa zuwa sai ka tayar da salla. Akwai maƙwabciyata da mijinta ke da ciwon suga, allurarsa ba ta son zafi, ita kullum tata biyu suna gefe ko da gari zai ƙone. Shekarar da taransifomar unguwarmu Damba ta ƙone a tsakiyar bazara, wata huɗu ba mu ga wuta ba. Na sayi ƙaramin janareto, ya sha mai ya ƙoshi, sannan ya ƙona mini injin firiza ɗaya. Ɗayar kuma gero na koma zubawa a ciki don ɓeraye. Masu saye duk suka watse. A watannin nan ni mai sayar da ƙanƙara nake hawa Keke zuwa Sabon Gari in sayo leda biyu a hannun waɗanda suka koya a wurina, saboda allurar bawan Allah nan. Sai da aka haɗa mini sola na dawo mutum.

To, yanzu ga maganar Hafsatu.

Hafsatu 'yar yayata ce, tana koyar da fiziks a wata makarantar 'yan mata a Tsafe. Ba gwamnati ce ta ɗauke ta ba, ƙungiyar iyayen yara ce ke riƙe da ita. Wata Asabar ta zo ta same ni ina ƙulla leda a tsakar gida, ta zauna a tabarma ta rafka tagumi. Na ce lafiya? Ta ce dattawan ƙungiya sun ce karatunta rubutu ne kawai a allo, babu abin da yara ke gani da ido, gara a sallame ta a ɗauko wani malamin wani fannin. Ranar Talata za su zo su zauna a ajinta, daga nan su yanke. Shugabansu wani Alhaji Mamman ne, mai fataucin hatsi, mutumin da ba ya sayen buhu sai ya soka hannu har gwiwa.

"Inna, ƙanƙara nake so, mai taurin nan taki, guda ashirin. A Tsafe ba wuta, masu sola kuma ba sa fitarwa sai bayan azahar, ita ma mai ruwa a ciki."

"Lemo za ki ba su?"

Ta yi dariya ta ce a'a, baƙi za ta nuna musu. Ta ce a can saman sama, kimanin kilomita goma sha biyar, akwai abubuwan da ke zuwa daga wajen duniya suna karo da iska. Daga karon nan ake samun wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana kiransu muwon. Suna zubowa dare da rana, suna ratsa kwanon rufi, suna ratsa mu, ba mu ji. Na shafa kaina na ce a'uzu billahi. Ta ce ba aljanu ba ne, halitta ce kamar haske.

"Abin mamakin, Inna, ba su da tsawon rai. Ki raba sakan ɗaya gida miliyan, ki ɗauki biyu, kusan iyakar rayuwar ɗayansu ke nan, sai ya fashe ya zama wasu abubuwan. Kuma ba tsufa yake yi ba. Babu mai iya nuna wannan ya ce yanzu zai tafi. Kowane lokaci yana iya tafiya, yana iya saura. Sai an tara su da yawa ake sanin nawa za su rage."

Na ce, "Kamar mu ke nan. Ajali."

"Ni dai ban ce ba. To da wannan ɗan ran, ko da gudun haske yake yi, bai kamata ya wuce rabin kilomita da 'yan kai ba. Amma ga su nan suna isowa har tsakar gidanki."

"Ta yaya?"

"Saboda gudun. Abin da ke gudu kusa da gudun haske, idan mu da ke tsaye muka auna, lokacinsa a hankali yake tafiya. Sai mu ga ya daɗe bai lalace ba."

Ta bayyana mini yadda za ta nuna su: kwalba mai faɗi a kife kan baƙin tire na ƙarfe, tsumma jiƙe da sifirit irin na wanke ciwo a manne a samanta, kofin ruwan zafi a bisa, tiren kuma a kan dakakkiyar ƙanƙara da gishiri. Idan ƙasan ya yi sanyi sosai sai wani ɗan hazo ya kwanta a cikin kwalbar, duk baƙon da ya ratsa sai ya bar zare. Uku take son haɗawa don duk aji ya gani.

Na ce ta kwantar da hankali, da hannuna zan kai mata. Ta tafi. Ni kuma maganar nan ta zauna mini a ka. Na yi ta juya ta ina tuƙa tuwo. Na ce wa kaina, ashe gudu yana hana lalacewa. Idan babban gudu yana ba da babban jinkiri, ai ƙaramin gudu zai ba da ƙarami, ƙarami kuwa a sana'armu ba abin rainawa ba ne. Har tausayin Hajiya Ige na ji, Allah ya jiƙanta, da ta rasu ba ta san wannan ba.

Talata da asuba ruwan farko ya sauka. Buhunan ƙaiƙayina suna tsakar gida, suka jiƙe sharkaf, jiƙaƙƙen ƙaiƙayi kuwa gara babu. Wajen ƙarfe tara rana ta fito da fushinta. Sai ga Lawali, ƙanin maigidana, da a-kori-kurarsa. Zai kai matarsa gidansu a 'Yandoto, mun shirya ya wuce da ni Tsafe. Ya leƙa buhunan ya ga leda tsirara.

"Matar Yaya, ina rigarsu?"

"Ta jiƙe."

"To mu biya injin sussuka mu ɗebo, minti ashirin ne."

"Ba lokaci, kuma ba buƙata. Kai dai ka yi gudu."

Ya tsaya yana kallona. Sai na gyara hijabi na yi masa darasi a ƙofar gida, tun daga saman sama har kwanon rufi. Na ce masa masu ilimi sun gano abin da ke gudu ba ya saurin lalacewa. Ya cire hula ya sosa kai.

"Shekara talatin ina tuƙi, mi ya hana ni zama yaro?"

"Ba ka gudu yadda ya kamata ne."

"Ke ce hwa kullum kika riƙe ƙofa kina salati in na wuce sittin."

"Yau na yafe."

Aka jera buhuna a baya, a fili. Ya ce ko tamfol a rufa, na ce baƙi ne, zafi yake ja. Muka kama hanya, matarsa a tsakiya tana danne dariya da gefen mayafi. Ni da ban taɓa yarda a wuce babbar mota da ni a ciki ba, ni ce ke cewa, "Taka, Lawali, taka!" Hannu ɗaya na riƙe da carbi, ɗaya yana nuna masa hanya. Duk shingen da aka tsayar da mu, ji nake kamar ana yi mini sata. Bayan mun sauke matarsa sai ya duba madubi ya ce, "Matar Yaya, ilimin naki na bin mu a baya." Na waiga. Layin ruwa ne a kan kwalta tun daga inda ido ya tsaya.

Iskar da na sani tun ina amarya ita ce ta yi aikinta, kuma ni ce na ƙara mata ƙarfi. Da muka buɗe buhunan a bayan ajin Hafsatu, kowace leda ta koma ruwa, da ɗan guntu yana yawo a ciki kamar ragowar sabulu. Dattawa biyar suna zaune a inuwar dogon yaro tun ɗazu. Hafsatu ta ɗaga leda ɗaya, ta girgiza, ta ajiye. Ba ta tambaye ni komai ba, abin da ya fi mini zafi ke nan. Ta ce a hankali, "Inna, wannan ko ɗaya ba zai yi ba."

Nan ne hankalina na gaskiya ya dawo daga inda ya je yawo. Na ce ta ba ni minti goma. Na tura Lawali gidan da ke bayan katanga ya roƙo ƙaiƙayi busasshe da turmi. Na yanke ledojin ɗaya bayan ɗaya, na zubar da ruwan, don ruwan da ke kewaye da ƙanƙara shi ke cinye ta. Guntayen na tara a tsumma na matse, na daka su sama-sama, kada su yi gari su mutu. Na sami ƙaramar roba na zuba, awo uku na ƙanƙara, ɗaya na gishiri, na sa ta cikin babbar roba, na cusa ƙaiƙayi a tsakaninsu har baki. Na taɓa gefen, ya kama mini yatsa. Na ce, "Kwalba ɗaya za ki samu, kuma ba ta wuce kwatan awa. Ki yi sauri."

A ɗakin ajiyar littattafai aka haɗa, aka toshe taga da barguna. Dattawan suka shigo suka kewaye tebur, 'yan mata a bayansu suna ɗaga ƙafa, ni ina can lungu kusa da tsintsiya inda ya dace da ni. Hafsatu ta haska tocila daga gefe. Aka zuba ido. Minti ɗaya, biyu, uku. Babu komai sai wani ɗan yayyafi siriri a ƙasan kwalbar. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Alhaji Mamman ya duba agogo. Ni kuwa duk addu'ar da na haddace sai da na taɓa ta.

Sai ga wani farin zare, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, ya ratsa hazon daga gefe zuwa gefe, ya ɗan tsaya, ya narke.

Alhaji ya ja da baya har ya taka na bayansa. "Kai! Mi ne ne wanga?"

"Shi ne baƙon, Alhaji. Ta rufin nan ya shigo."

"Ƙara in gani."

"Ba ni ke kiransu ba, sai dai mu jira."

Ya sunkuya har hularsa na taɓa kwalbar. Wani zaren ya sake wucewa, sannan wani gajere mai lanƙwasa da ta ce ba irinsu ba ne. 'Yan mata suka fara ture-ture, aka riƙa matso da su biyar-biyar. Layi na huɗu yana matsowa hazon ya ɗauke. Ƙanƙarar ta mutu. Fiye da rabin aji ba su ga komai ba.

Da aka fito haske, Alhaji ya zauna a benci ya ce abin ya ba shi mamaki, ba ya musu. Amma malamin da ya san dattawa za su zo, ya kasa tanadin abin da zai ishi ɗalibansa, akwai gyara a shirinsa. Sauran suka gyaɗa kai. Hafsatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Alhaji." Ba za ta ambace ni ba ko za a kore ta, na san halin uwarta.

Na fito daga bayan 'yan mata na yi sallama. Na ce ni ce innarta, ni ce mai ƙanƙarar, ashirin ta ce kuma ashirin na ɗauko. Na faɗi komai, har da "taka, Lawali". Lawali, Allah ya shirye shi, ya tsaya a gefe yana ƙara inda na rage. Dattawa suka yi ta dariya, wani har da share hawaye da bakin rawani. 'Yan mata kuwa sai da shugabar makaranta ta daka musu tsawa.

Alhaji bai yi dariya sosai ba. Ya juya ga Hafsatu ya ce, "To ai ni ma da na ji bayaninki haka zan ɗauka. Ina kuskurenta?"

Hafsatu ta ɗago. Ta ce, "Ba ta yi ƙarya ba, Alhaji, gudun mota ma yana ba da jinkiri. Amma a raba ƙiftawar ido gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida dubu, to guda ɗaya ya fi abin da aka samu daga Gusau zuwa nan. Haske yana zagaya duniya sau bakwai a sakan ɗaya, sai an kusa wannan abin yake fitowa fili. Na biyu, ƙanƙara zafi ne ke cin ta daga waje, a tare zafin ta daɗe. Shi kuwa baƙon babu abin da ke cin sa, lafiyarsa lau har lokacin da zai fashe, ba rufin da zai ƙara masa, ba iskar da za ta rage masa." Ta ɗan dube ni. "Na uku, Inna tana cikin motar. Gudun da ƙanƙara ta yi, ita ma ta yi shi. Agogonsu ɗaya, ko wancan ɗan jinkirin ba ta samu ba."

Lawali ya ce, "Wato da ta zauna gida ta fi cin riba."

Aka sake fashewa. Alhaji ya ɗaga hannu. "Shi baƙon, ya san an ƙara mishi kwana?"

"Bai sani ba. A wurinsa ransa bai ƙaru da komai ba, hanyar ce ta gajarce masa. Mu ne muke ganin ya daɗe. Kuma duka biyun daidai ne."

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce, "Ikon Allah." Ya dubi sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce ranar Talata mai zuwa a sake haɗa kwalaben nan uku don ɗiyan da ba su gani ba, shi zai aiko da ƙaiƙayi daga rumbunsa har Gusau, kuma shi ma zai dawo da tabaransa.

"Malama ta zauna," in ji shi. "Wagga magana ba a barin ta a tsakiya. In muka sallame ta yanzu, ɗiyanmu dukansu da rabin karatu za su fita, irin na Hajiya mai ƙanƙara."

Hafsatu ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka ne ko dariya ba. Ni kuwa na durƙusa na yi godiya, na ce, "Alhaji, da ka ce rabi ma ka yi mini kara."